Tona wa ciwon daji asiri da zafi: ina maganar ta kwana?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san kalmar da ake tsoron ji daga bakin likita. Sunan cutar an riga an ji shi, an yi kuka, an share hawaye. Wadda ake tsoro ita ce "ya bazu". An yanke nono wata takwas da suka wuce, wurin ya warke sumul, har 'yan uwa sun fara zuwa barka da arziki, sai ga tari ya ƙi jin magani, ko ciwon baya mai hana barci. A ɗauki hoto, a ga tabo a huhu ko a ƙashin gadon baya. Mafi yawan waɗanda kansa ke ajalinsu, 'ya'yan ƙarin da suka yi ƙaura ne ke kai su ƙasa.

Tun a 1889 wani likitan fiɗa a Landan, Stephen Paget, ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya lura cewa cutar tana da gaɓoɓin da take son sauka, irin su hanta. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa: iska kan kwashi iri ta watsa ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsirowa. Manomi ba ya bukatar a yi masa fashin baƙin wannan. Abin da aka ƙara ganewa daga baya shi ne irin kan fita da wuri, wani lokaci tun kafin a ji kumburin da hannu, ya je ya lafe a ɓargo ko a huhu, ya yi shekaru yana kwance kamar ƙwayar ciyawa mai jiran ruwan fari. Na'urar hoto ba ta ganinsa. Wuƙar likita kuwa ba ta yanke abin da ido bai gani ba.

Abu ɗaya ne ke zagaya jiki lungu da saƙo, dare da rana, wanda zai iya tarar da ƙwayar cuta guda a maɓoyarta ya kashe ta: garkuwar jiki. Matsalar ita ce kansa ɗan gida ne. Daga ƙwayoyin halittar mutum ya samo asali, kamanninsa na gida ne, don haka masu gadi kan wuce shi ba su ce masa kanzil ba. Tunanin da masu bincike ke gwadawa, na haɗa zafi da maganin garkuwa, wato maganin da ke sakin garkuwar jiki a kan kansa, daga nan ya taso: a ɗumama ƙarin da ake gani har ya tona wa kansa asiri, sannan a saki masu gadi su bi sawun 'yan uwansa da ba a gani.

Gwajin da ya fi nuna wannan a fili, a ganina, shi ne wanda aka wallafa a 2014 daga ɗakin binciken Steven Fiering a Dartmouth ta Amurka. An shuka wa ɓera sankarar fata mai suna melanoma a kuiɓin dama da na hagu. Aka yi wa ƙari ɗaya allurar garin ƙarfe mai tsananin laushi, aka sa ɓeran cikin maganaɗisu mai juyawa da sauri, garin ya ɗauki zafi, aka tsayar da shi a digiri 43 na tsawon minti 30. Ɗayan ƙarin ba a taɓa shi ba, amma sai girmansa ya ja baya. Da aka kawar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira ƙwayoyin T masu kisa, amfanin ya ɓace, abin da ya nuna cewa su ne suka kai saƙon ɗaya ɓangaren. Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki: da aka ƙara zafin zuwa digiri 45, ƙarin da aka ɗumama ya fi lalacewa, amma kariyar da ɗaya ɓangaren ke samu ba ta samu ba. Digiri biyu kacal.

Don a gane dalili, sai a tuna da kaluluwa. Yaro ya yi tuntuɓe, yatsa ya yi ruwa, bayan kwana biyu ya fara ɗingishi yana cewa matsematsinsa na ciwo. Uwa ta taɓa ta ji ɗan dunƙule, ta ce kaluluwa ce. Wannan dunƙulen barikin horar da sojojin jiki ne. Akwai wasu ƙwayoyi masu rassa kamar saiwa da ke zaune cikin fata da nama, aikinsu tsintar ɓurɓushin duk abin da ya mutu a unguwarsu. Su ɗauka su kai kaluluwa mafi kusa, su nuna wa ƙwayoyin T. In sun zo da ɓurɓushin salin-alin, ba ihu ba kururuwa, sai a ɗauka mutuwar gida ce, a bar maganar. In kuwa sun zo da shi tare da alamar tashin hankali, sai ƙwayoyin T da suka gane wannan kamanni su hayayyafa, shi ya sa wurin ke kumbura, su shiga jini suna farauta.

Zafi matsakaici shi ke samar da wannan ihun. Ƙwayar halitta in ta ji wuya takan ƙera wasu furotin na ceton kai. Yadda aka gano su ma abin dariya ne: a Italiya, wani ya taɓa ma'aunin akwatin ɗumi da Ferruccio Ritossa ke ajiye ƙudajen bincikensa, ya dawo ya tarar da wasu sassan ƙwayoyin gadonsu sun kumbura, ya wallafa abin a 1962. Waɗannan furotin kan rungumi gutsattsarin abin da ke cikin ƙwayar kansa, in ta fashe su fito da shi waje, masu tsintar nan kuwa suna da kunnen jin su. Wannan ɗaya kenan. Na biyu, ɗumi na buɗe hanyoyin jini. Binciken Sharon Evans da Elizabeth Repasky a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo ya nuna cewa zafi irin na masassara, digiri 39 zuwa 40, yana sa bangon hanyoyin jini ya yi danƙo, fararen ƙwayoyi su riƙa maƙalewa suna kutsawa cikin kaluluwa da cikin ƙari fiye da da. In aka zarce kuwa, nama ya dahu kamar ƙwai a tukunya, hanyoyin jini su toshe, masu tsinta su mutu tare da abin da ya kamata su ɗauka, shaidar ma ta ƙone. An kashe ɓarawo ba a tambaye shi ina sauran 'yan ƙungiyarsa ba.

Masu wannan aiki suna da lissafin da Sapareto da Dewey suka fitar a 1984: daga digiri 43 zuwa sama, duk digiri ɗaya da aka ƙara yana rage lokacin da ake bukata da rabi. Ɓarnar da awa ɗaya ke yi a 43, minti 30 ke yin ta a 44, minti 15 a 45. Ke nan tazarar da ke tsakanin tayar da garkuwa da dafa nama siririya ce ƙwarai.

To ina ruwan maganin garkuwa? Jiki bai yarda ya bar ƙwayoyin T sakaka ba, domin in suka haukace sai su cinye mai su. Akwai dabaibayi a ƙafarsu. James Allison a Amurka ya yi aiki a kan ɗaya mai suna CTLA-4, Tasuku Honjo a Japan ya gano wani mai suna PD-1, suka raba kyautar Nobel a 2018. Kansa ya iya amfani da wannan dabaibayi: yakan baza wani furotin, PD-L1, a fuskarsa, duk ƙwayar T da ta iso ta taɓa shi sai gwiwarta ta yi sanyi. Magunguna irin su ipilimumab, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011, da pembrolizumab da nivolumab a 2014, kwance dabaibayin suke yi. A melanoma sun yi abin a zo a gani. A da, wanda cutar ta bazu masa da wuya ya cika shekara. A wani babban gwaji da aka bi majinyata shekara goma, kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab suna raye. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, melanoma ta hau masa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015, aka yi masa tiyata da gashin haske, aka ba shi pembrolizumab, ya rayu har ƙarshen 2024, ya cika shekara 100.

Amma in aka haɗa dukkan nau'o'in kansa, labarin ya sha bamban. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa a Amurka kusan kashi 44 cikin 100 na masu kansar da ta yi nisa ne suka cancanci waɗannan magunguna, waɗanda ake sa ran za su amfana kuwa ba su kai kashi 13 ba. Babban dalili shi ne ƙari da yawa babu ƙwayoyin T a cikinsu ko kaɗan. Likitoci na kiransu masu sanyi. Kwance dabaibayin dokin da ba ya cikin barga ba ya kai kowa ko'ina. Zafi shi ake fata ya kawo dokin. Kuma an lura cewa bayan an ƙona ƙari da zafi, ƙwayoyin T kan shigo, sai sauran kansar ya ƙara baza PD-L1 don kare kansa, farmakin ya mutu cikin 'yan kwanaki. Kowane ɗaya yana da giɓin da ɗayan ke cikewa, shi ya sa tunanin ke da jan hankali.

A ɓeraye abin ya yi ta aiki. A 2016 masu bincike a Jami'ar Soochow ta ƙasar Sin suka ɗumama ƙari da hasken leza bayan sun sa masa wani rini mai shan haske da sinadarin zaburar da garkuwa, suka bi da maganin CTLA-4, bazuwar cutar zuwa huhu ta ragu sosai. A 2017 ƙungiyar Tuan Vo-Dinh a Jami'ar Duke ta yi da ƙurar zinariya mai siffar tauraro da maganin PD-L1 a kan kansar mafitsara; aka samu ɓeran da ƙarinsa biyu suka ɓace, da aka sake shuka masa cutar daga baya ta ƙi kamawa. Irin waɗannan ne jaridu ke ɗauka su ce an gano rigakafin kansa. Sai dai ƙarin ɓera bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, yana ƙarƙashin fata inda haske ke isa, an shuka shi makon jiya cikin dabba matashiya mai lafiya. Na mutum ya shekara yana koyon yaudarar garkuwar mai shi, kuma yana iya zama can cikin ƙugu. Akwai ma wani abin da Repasky ta bankaɗo a 2013: ɗakunan da ake ajiye ɓerayen bincike, a digiri 22 ko kusa, sanyi suke yi wa ɓera, kuma sanyin na raunana garkuwarsa, a digiri 30 ƙari ya fi jinkirin girma. Wato wani ɓangare na amfanin ɗumi da ake gani a ɓera yana iya zama na dabbar da aka raba da ɗari ne kawai.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1890 wata budurwa 'yar shekara 17 ta zo wurin wani matashin likita a New York, William Coley, da kansa a hannu. Ya yanke hannun, cikin 'yan watanni cutar ta bazu ta kashe ta. Abin ya tsaya masa a rai, ya shiga tonon tsofaffin takardun asibiti, ya ci karo da labarin wani Bajamushe da ƙarin wuyansa ya narke bayan wani ciwon fata mai zafin masassara ya kama shi. Coley ya bi gidajen haya na talakawa yana cigiya har ya same shi da ransa, shekara bakwai bayan abin. Daga 1891 ya fara sa wa majinyata ƙwayoyin cutar da gangan. Wasu suka warke, wasu cutar da ya sa musu ta kashe su, sai ya koma amfani da matattun ƙwayoyi. Ya yi wa mutane kusan dubu. Aikin bai da ma'auni tsayayye, wani likita ya gwada ya ga amfani, wani bai gani ba, da gashin haske ya shigo sai aka watsar da shi. 'Yarsa Helen ce ta tattara bayanan, ta kafa cibiyar binciken kansa a 1953, kuma cikin abin da ta lura da shi har da cewa waɗanda suka yi zazzaɓi mai zafi sun fi dacewa.

A nan sai na ɗan tsaya a kan kalma. A asibitocinmu in an harba wa ƙari haske mai ƙarfi, gashi muke cewa, alhali wannan hasken ba ya ɗumama nama. Ƙwayoyin gado yake kakkaryawa. Ɗumamawar da nake magana a kai daban ce: majinyaci ya kwanta cikin wani zobe mai fitar da igiyar rediyo, an naɗe shi da jakar ruwa don kada fata ta ƙone, an zura siraran ma'aunan zafi ta mafitsara ko dubura ko farji, ana neman digiri 40 zuwa 43 na kimanin awa ɗaya.

Wannan ɗumamawar, ita kaɗai ba tare da maganin garkuwa ba, tana da shaida a jikin mutane. A gwajin ƙasar Holan da aka wallafa a 2000, cikin mata 114 masu kansar bakin mahaifa da ta yi nisa, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kashi 27 cikin 100 ne suka kai shekara uku, waɗanda aka ƙara wa ɗumi kashi 51. A gwajin da Rolf Issels na Munich ya jagoranta kan kansar nama da tsoka, ƙara ɗumi a kan kemo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin kansa, ya ɗaga masu kai wa shekara goma daga kusan kashi 43 zuwa kusan 53. Wanke cikin ciki da ruwan kemo mai ɗumi bayan tiyatar kansar ƙwan mace ya ƙara kusan shekara guda a gwajin 2018, amma irin wannan dabara ba ta ƙara komai ba a kansar hanji a wani gwajin Faransa. Gwaje-gwajen Amurka na shekarun 1980 kuwa sun faɗi warwas, babban dalili shi ne na'urorin lokacin ba su iya kai zafin inda ake so ba. Wannan ya zubar wa fannin mutunci a can na tsawon shekaru.

Haɗin da maganin garkuwa fa? A nan shaidar ta yi ƙaranci. Wadda aka fi ambato ta 2017 ce daga cibiyar kansa ta ƙasar Amurka: mutum 32 masu kansar hanta, aka ba su tremelimumab, wani maganin kwance dabaibayi, aka lalata wani sashe na ƙarin, wasu ta hanyar ƙonawa. Cikin 19 da aka iya auna musu ƙarin da ba a taɓa ba, biyar nasu ya ragu. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma babu rukunin da aka ba maganin kaɗai, don haka ba za a ce ga rabon zafi a ciki ba. Wani babban gwaji na mutum 668 ya ba da maganin kwance dabaibayi atezolizumab, haɗe da wani magani mai suna bevacizumab, bayan an yanke ko an ƙona kansar hanta. A 2023 aka yi murna cewa dawowar cutar ta jinkirta, da aka ƙara bin majinyatan zuwa 2024 sai bambancin ya shafe. Gashin haske ma ya bi ta wannan hanya. Tun 1953 R. H. Mole ya raɗa wa abin suna, wato a gasa nan can ya warke, amma daga 1969 zuwa 2014 labarai 46 kacal aka tattara a duniya. Bayan wata mata mai melanoma a New York, da ke kan ipilimumab, ta samu raguwar cutar a saifa saboda gashin da aka yi mata kusa da ƙashin baya, aka wallafa a 2012, sai kowa ya ɗauka an samo bakin zaren. Da asibitin da ya yi jinyarta ya yi gwaji da ƙuri'a, wato ƙuri'a ce ke zaɓar wanda za a ƙara wa gashi, a kan mutum 62 masu kansar kai da wuya, ƙara gashi a kan nivolumab bai canza komai ba.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen. An ga a dabbobi, an kuma ga alamunsa a mutane, cewa ƙonawar da ba ta cinye ƙari duka ba kan bar kumburi a gefe, jiki ya turo kayan gyaran rauni, ragowar kansar ya sha daga wannan ya ƙara saurin girma. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Su ma magungunan garkuwa ba ruwan sanyi ba ne: sukan sa jiki ya afka wa hanjinsa, ko huhu, ko maƙoshi, wani lokaci har zuciya. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai tunanin cewa tunda zafi magani ne, bari a yi wa kumburin nono gashi da tsumma, ko sakiya, ko lalas. Tsumma mai zafi ba ya wuce fata, jini ke kwashe ɗumin nan take. Ƙarfe mai zafi kuwa rauni yake buɗewa a kan cuta. Ga kuma watannin da ake ɓatawa, tare da camfin nan na cewa daji ba ya son allura, har a iso asibiti bayan iri ya gama watsuwa.

Inda na fi zuba ido shi ne kansar bakin mahaifa, wadda a 2020 aka ƙiyasta ta kama mata kusan 12,000 a Najeriya, ta kashe kusan 8,000. A asibitin Charlotte Maxeke da ke Johannesburg, Carrie Minnaar da abokan aikinta sun yi gwaji da ƙuri'a a kan mata sama da 200, kusan rabinsu na ɗauke da HIV, wasu gashi da kemo, wasu an ƙara musu ɗumi da wata na'urar lantarki. Cikin waɗanda hoto ya nuna cutar ta hau kaluluwa a wuraren da hasken gashi ba ya sauka, mata 54 ne a kowane ɓangare. Bayan wata shida, 13 a ɓangaren ɗumi ba a ga alamar cutar a jikinsu ba, a ɗaya ɓangaren uku. Asibiti ɗaya ne, masana na jayayya kan yadda wannan na'ura ke aiki, kuma ba a ba kowa maganin kwance dabaibayi ba. Amma a Janairun 2024 Amurka ta amince da ƙara pembrolizumab a kan gashi da kemo ga wannan cuta, bayan gwajin mata 1,060 da daga baya ya nuna masu kai wa shekara uku sun tashi daga kusan kashi 75 zuwa kusan 83. Ke nan a cuta guda, kowane rabi ya nuna amfaninsa a jikin mata, ɗumi a gwajin Holan na 2000, maganin garkuwa a 2024, tsakaninsu shekara 24. Gwajin da zai ɗora ɗaya a kan ɗaya, da ma'aunin zafi a cikin ƙari da ƙuri'a a hannun likita, shi ne zai raba gardama. Ko an yi shi an dace, allura ɗaya ta pembrolizumab a Amurka ta haura dala 10,000, duk mako uku ake yin ta, kuma haƙƙin mallakar kamfanin da ke yin ta ba zai fara ƙarewa ba sai 2028.